Wa Ya Isa Ya Ce A Tsaya?

Ƙannena masu wasan kwaikwayo a Ƙofar Kibo da unguwannin da ke kewaye da ita, na makarantun boko da na Islamiyya da waɗanda waya ce dandalinsu, na san a 'yan shekarun nan an cika muku kunne da maganar tafiya da kowa. Duk wanda zai ba ku ɗan tallafi sai ya miƙo takarda a cike masa: mata nawa ne a ƙungiyarku, masu buƙata ta musamman nawa, akwai wanda ba Bahaushe ba? Ku kuma sai ku shiga unguwa ku lalubo 'yan mata biyu da wani gurgu mai keke, a jera su a gaba a ɗauki hoto, kuɗi su fito. Ban ce ƙirgen ba shi da amfani ba. Ƙungiyar da babu mace ko ɗaya a cikinta ai tana da abin dubawa. Sai dai ƙirge ba ya gaya mini abin da nake son sani. Duk inda na tarar ana gwajin wasa, abin da nake zuba ido in gani shi ne: a cikin mutanen nan, wa ya isa ya ɗaga hannu ya ce, "Ku tsaya, ba haka abin yake ba," a tsaya ɗin, kuma labarin ya sauya saboda maganarsa? Wanda ya isa ya yi haka, da shi ake damawa. Wanda bai isa ba ɗan rakiya ne, ko da shi ne a tsakiyar hoto.

Kada ku ɗauka baƙon karatu ne wannan. A nan Zariya aka sha wuyar koyonsa, har sunan garin ya shiga littattafan da ake karantawa a kan wannan fanni a jami'o'in duniya, alhali da yawanku ba ku taɓa jin labarin ba. A 1975 aka soma koyar da wasan kwaikwayo a matsayin fanni a Jami'ar Ahmadu Bello, ƙarƙashin sashen Turanci, da zuwan Michael Etherton, wanda kafin nan ya yi aiki a gidan wasan Chikwakwa na ƙasar Zambiya. Akwai Brian Crow tare da shi, sannan matasa irin su Salihu Bappa da Oga Steve Abah suka taso a cikin harkar. Gidan wasan da aka gina musu a Samaru ma abin kallo ne. Wani Ba'amurke mai zanen gine-gine, Steven Ehrlich, shi ya tsara shi: ginin ƙasa, zagayayyun ɗakuna masu rufin ciyawa, da fili a tsakiya. Babu labule, babu dogon dandamalin da ke ɗaga ɗan wasa sama ya bar ɗan kallo a ƙasa. In kuna da hali ku hau mota ku je ku gan shi, ba nisa.

To amma gini bai raba gardama ba. Manomin Bomo, wanda gonarsa ke maƙwabtaka da jami'a, me zai shigar da shi ƙofar da masu gadi ke tsaye, ya zauna cikin ɗalibai ya saurari Turanci? Sai malaman suka ce tun da shi ba zai zo ba, su za su je. A 1977 suka ɗauki wasanni zuwa Soba, abin da aka sani da Wasan Manoma, a daidai lokacin da gwamnatin Obasanjo ke ta shelar shirin ciyar da ƙasa. Ɗalibai su shiga ƙauye su yi tambayoyi, su koma su tsara wasa a kan abin da suka jiyo, su dawo su nuna. Jama'a su taru, a yi dariya, a tafa, mota ta kwashe baƙi ta tafi. Ci gaba ne babba a kan zama cikin jami'a, amma masu abin da kansu suka gano giɓin: bakin manomi ne aka ara, muryar ta ɗalibi ce. Ɗalibi ne ya zaɓi abin da ya fi muhimmanci cikin kukan da ya ji, shi ya yanke yadda wasan zai ƙare, kuma ƙarshen kan zo da sauƙin da manomi ya san babu shi a duniya.

Daga aikin Maska a 1979 zuwa na Bomo a 1980 hanyar ta soma juyawa. Aka koma kawo wasa ba a kammala shi ba, a kai shi inda magana ta cije, a tsaya a tambayi mutane: daga nan sai me? In wani ya ce ai da shi ne zai kai ƙara wurin dagaci, sai a ce bismilla, ga dagaci nan, shigo ka kai. Yana shiga sai wani daga bayan taro ya ce ai dagacin nan naku ya cika sauƙin kai, na gaskiya ba haka zai amsa ba, shi ma a ce ya shigo ya nuna. Kafin a tashi, maganar taki da bashi da gona ta fito da fuskokin da babu ɗalibin da zai iya ƙago su yana zaune a ɗakin kwanansa. Daga baya ma suka bambance tsakanin masu zuwa da safe su koma da yamma, da masu tarewa a garin su kwana a gidajen mutane su ci tuwonsu, domin abin da ake gaya wa baƙo da rana daban yake da abin da ake faɗa a tsakar gida bayan isha'i. Abah na cikin waɗanda suka kafa haɗaɗɗiyar ƙungiyar masu wasan al'umma ta Nijeriya a 1989, kuma har yau ɗaliban Samaru na fita wannan aiki.

Ba su kaɗai ke wannan lalube ba a lokacin. Augusto Boal, ɗan ƙasar Brazil, ya fitar da littafinsa a 1974, inda ya ba ɗan kallo damar tsayar da wasa ya karɓi gurbin ɗan wasa. A Kenya kuwa, a ƙauyen Kamiriithu, manoma da ma'aikata suka gina dandalinsu da hannunsu, suka yi ta gyara wa Ngugi wa Thiong'o da Ngugi wa Mirii rubutunsu a wurin gwaji, a harshen Kikuyu. Gwamnati ta hana wasan a 1977, ta tsare Ngugi wa Thiong'o a ƙarshen shekarar, a 1982 kuma aka rushe dandalin. Marubucin ya daɗe yana sukar masu mulki da Turanci ba a ɗaure shi ba. Sai da talaka ya sa baki da harshensa. Wannan kaɗai ya isa ya nuna muku cewa ba ƙaramin abu ake miƙa wa mutum ba in aka ba shi ikon taɓa labari.

Mu kuwa muna da namu gadon tun kafin jami'a. Wa ya taɓa neman takardar shaida kafin ya shiga tashe? Da azumi ya kai goma, yaro ya samo auduga ya manna a haɓa, ya cusa tsumma a riga, shi ke nan ya zama tsoho, abokansa na amshi, gida-gida har cikin turakar da baligi ba ya shiga. A kalankuwa bayan kaka samari kan naɗa gwamnansu da alƙalinsu da 'yan sandansu su yi mulkin 'yan kwanaki. A wasan gauta matan fada kan sa rawani su kwaikwayi sarki da fadawansa, abin da ba su isa su faɗa da fatar baki ba su nuna shi a wasa. Duk wannan gaskiya ne, kuma abin alfahari ne. Amma kada mu yi wa kanmu daɗin baki. Cikin wannan gado akwai wasannin da daɗinsu duka a kan wani yake: gwauro, Bagwari, baƙauye, mai ƙusumbi, mai in'ina. Kowa na shiga, ban da wanda ake yi da shi. Shi nasa ya yi murmushin yaƙe ko ya kulle ƙofa.

Bari in ba ku abin da na gani da idona. Wasu samari ne suke gwaji a wani ajin firamare da yamma bayan an tashi, sun ture bencina gefe, wasan a kan bara. Yaron da aka ba makaho ƙwararre ne wajen ban dariya: ya juya ido sai fari, ya riƙe kara yana kaɗa shi a sama, ya yi karo da allo, ya taka ƙafar wani, ya faɗa kan tebur. 'Yan'uwansa har da riƙe ciki. A bakin ƙofa kuwa akwai wani dattijo makaho a zaune, kawun ɗaya daga cikinsu ne, ya biyo ɗan'uwan nasa don su wuce gida tare. Da dariya ta lafa sai ya tambayi abin da ake yi wa. Aka gaya masa, ana ɗan jin nauyi. Ya yi shiru, can ya ce, "Wannan makahon naku, jiya ya makance?"

Ya miƙe ya karɓi karan. Ya nuna musu ba a ɗaga sanda sama, ƙasa take bi, tana ɗan taɓa dama da hagu gaban ƙafa. Ya zaga ajin sau ɗaya yana taɓa bango, a zagaye na biyu bai taɓa komai ba. Ya ce shi daga gida zuwa masallaci ba ya neman kowa: ya san kwatar da zai tsallaka, ya san inda ƙamshin mai ƙosai ke soma zuwa, ya san inda ƙarar injin markaɗe ke komawa bayansa. Abin da ke kayar da shi, in ji shi, mai ido ne: wanda ya jibge yashin gini a hanya jiya da dare, ko ya kafe babur a bakin ƙofar masallaci. Sannan ya faɗi wadda ta sa ajin ya yi tsit. Ya ce abin da ya fi ci masa rai shi ne ya je kanti da kuɗinsa a aljihu, mai kanti ya dubi yaron da ke tare da shi ya ce, "Me yake so?" ko kuma tun bai buɗe baki ba a ce masa, "Allah ya ba da haƙuri." Samarin nan sun yi abin kirki, ba su ce "mun gode, Baba" su ci gaba da abinsu ba. Sun watsar da faɗuwa kan tebur, suka gina fitowa guda a kan mai kanti, kuma dattijon ne ya yi makahon da kansa. An yi dariya ranar wasan fiye da ta ranar gwaji, sai dai wannan karon mai kanti ake yi wa.

Abin kunya ne ma a ce a Zariya ne makaho ba ya fitowa a wasa sai da ƙoƙon bara. Garin Aliyu Namangi ne fa, makahon da ya tsara Imfiraji, waƙar da malamai ke nazari a jami'o'i, wanda Jami'ar Ahmadu Bello ta ba digirin girmamawa. Makafi na da sarkinsu da tsarinsu, haka guragu, haka kutare. Cikinsu akwai malami, akwai ɗan kasuwa, akwai mai mata biyu da rigimar gida, akwai mai rowa, akwai mafaɗaci. Ku ba makaho alƙali. Ku ba gurgu uban yarinyar da ake nema, ya zauna a zaure ya yi ta ja wa masu neman aure rai, ba tare da an ambaci ƙafarsa ko sau ɗaya ba. Kuma ku guji ɗaya ramin, wato mai da shi waliyyi abin tausayi da ba ya laifi, wanda aka sa don a matse wa 'yan kallo hawaye. A Ingila, nakasassun da suka kafa ƙungiyar wasa ta Graeae a 1980, Nabil Shaban na cikinsu, tausayin nan na daga abin da suka tashi yaƙa.

Yawancin korar da ake yi wa mutane a ƙungiya ba da baki ake yin ta ba. Babu wanda ya taɓa cewa ba a son mata. An dai sa gwaji bayan isha'i a shagon wani, shi ke nan an gama da su, domin babu uban da zai bar 'yarsa ta fita a wannan lokaci, kuma yana da gaskiya. An sa shi da hantsi ranar Asabar, an kori masu Islamiyya da masu talla. An ce kowa ya kawo karo-karo duk mako, an kori wanda ko na sabulu ba ya samu. Almajirin unguwarku, wanda ya fi ku sanin kowane lungu da halin kowane gida, hutunsa Alhamis da Juma'a ne. In kuna son sa, ranar za ku duba, kuma ku fara da gaida malaminsu. An zaɓi ɗakin taro mai matakala, an kori mai keke, ko kuma a ce ai sai a ɗauke shi, kamar shi ba ya jin kunyar a ciccibe shi gaban jama'a. Akwai dokar hana nuna wa nakasassu bambanci da Shugaba Buhari ya sa wa hannu a Janairun 2019, wadda ta ba gine-ginen jama'a shekara 5 su gyara hanyar shiga. Wa'adin ya wuce, ku da kanku kun san yawan matakalan da ke nan yadda suke. Kafin hukuma ta motsa, katako mai kauri guda biyu da kafinta na unguwa sun isa, ko kuma ku yi wasanku a fili, inda dama can nan ne gidansa.

Maganar 'yan mata tana son a ɗan zauna a kanta. A garinmu yarinyar da ta fito wasa tana ɗaukar kasadar da saurayi ba ya ɗauka. Shi in ya fito a ɓarawo, gobe an manta. Ita in ta fito a fitsararriya, sai maganar ta bi ta har ranar da aka zo neman aurenta. Don haka in ta ce ba za ta faɗi wata kalma ba, ko ba za ta yi wata shiga ba, ba taurin kai ba ne, lissafi ne da ku ba ku iya ba. Kada samari su je neman izinin iyayenta su kaɗai; ku sami babbar mace da ake ganin girmanta, malama ko yayar wani, ta shiga gidan ta yi bayani, a faɗi wurin gwaji da lokacin tashi, kuma a cika alkawari. In ta zo kuma, kada aikinta ya tsaya a kawo ruwa a faranti ta durƙusa ta ce "sannu da zuwa, Alhaji." Na gaji da ganin fitowar kishiyoyi da samari suka rubuta: daga shigowa sai zagi, sai dambe, sai boka. Ku ba 'yan matan fitowar su tsara. Su suka tashi a tsakar gida, sun san yaƙin da ake yi da gaisuwa, da yawan gishiri a miya, da wanda aka fara zuba wa abinci. Mai ɗaki shi ya san inda yake masa yoyo. Matan aure da ba sa fita kuwa, ba dole sai sun zo dandali ba. 'Yan matan ƙungiya na iya kai wasa cikin gida ranar suna ko walima, mata zalla, a tsaya a tsakiya a tambaye su. Abin da za ku ji a nan ba za ku ji shi a gaban maza ba.

Kurame kuma ku ne ke asara da kuka bar su a waje. Mutumin da duk rayuwarsa da fuska da hannu yake ba da labari, wa zai koya masa kwaikwayo? Ku lura da su in sun haɗu suna hira, za ku ga an kwaikwayi mutum da tafiyarsa da yadda yake gyara hula, har ku gane wanda ake nufi ba a furta komai ba. Maganar hannu ta Hausa harshe ce mai tsarinta. Wata Bajamushiya, Constanze Schmaling, ta zauna da kuramen Kano ta fitar da littafi a kanta a 2000. Ku sani kuma ta sha bamban da wadda ake koyarwa a makarantun kurame, mai tushe daga Amurka, don haka ku tambayi mutum wadda yake ji kafin ku ɗauko masa tafinta. Ranar wasa a ba su gaba, haske ya sauka a fuskar 'yan wasa, tafinta ya tsaya kusa da inda ake abin, kada idonsu ya rabu biyu. Makafi kuwa, dabara ce ta masu wasan rediyo: abin da ya faru a ido, wani ya faɗe shi a baki cikin zancen wasan. Shu'aibu Maƙarfi a rediyo ya soma wasanninsa kafin su zama littafi, kuma ba a taɓa cewa masu saurare sun ɓata a hanya ba.

Sai maƙwabta. Zariya ba cikin ganuwa kaɗai ba ce. Akwai Tudun Wada, akwai Sabon Gari, akwai Samaru, akwai Wusasa inda Hausawa Kirista suke tun da mishan ta koma can a 1929. Amma a wasanninku Bayarabe ba ya fitowa sai don a ji karyayyiyar Hausarsa, Ibo sai don son kuɗi, Bafulatani sai don a cuce shi a kasuwa. Za ku ce ai barkwanci ne, al'ada ce. Barkwanci na da sharaɗi. Bazazzagi na tsokanar Bakano ne don ya san Bakanon zai rama, har da riba, a tashi ana dariya. In wanda ake tsokana ba ya wurin, ko yana wurin amma shi kaɗai ne cikin mutum ɗari, sunan abin ya canza. Ku tuna Samanja. Hausar barikin da Usman Baba Pategi, mai fitowa a Samanja, ya yi ta ba mutane dariya da ita shekara da shekaru ba daga nesa ya hango ta ba. Banufe ne, kuma tsohon soja, daga ciki ya ɗebo ta, shi ya sa sojoji ma suke son sa. Ya riga mu gidan gaskiya a 2023, Allah ya jiƙansa. In kuna son Bayarabe a wasa, ga 'ya'yansu nan an haife su a Tudun Wada, wasunsu sun fi ku karin magana. Ku kira ɗaya, ku bar shi ya gaya muku abin da ke ba su dariya game da ku.

Ku yi hattara da wasan da aka rubuta ƙarshensa a ofis. Ƙungiyoyi kan zo da kuɗi da saƙo, kan rigakafi ko karatun 'ya mace ko zaman lafiya, kuma sau da yawa saƙon mai kyau ne. Sai a tara jama'a a ce kowa ya faɗi ra'ayinsa, alhali wanda duk ya kauce wa abin da ke takarda za a yi masa murmushi a wuce. Mutane ba yara ba ne, suna ganewa, su ba ku amsar da kuke so su karɓi lemonsu su tafi. In uba ya tashi ya ce ya cire 'yarsa daga makaranta ne don ta gama aji shida ba ta iya karanta wasiƙa ba, kada ku mai da shi jahilin da za a wayar wa kai kafin a rufe taro. Ku sa maganarsa a wasan da ƙarfinta, malamin wasan ya rasa amsa in babu amsa. Ku gaya wa masu kuɗin tun farko cewa haka kuke aiki. Wasu za su janye. Ba duka ba.

Ba zan ɓoye muku ba, wannan hanya tana da ciwon kai. Wasan da mutum ɗaya zai rubuta a dare guda sai ya ci mako uku ana ja-in-ja. Za a sami mai tsayar da wasa don kawai a san yana wurin. Za a sami gyaran da ba daidai ba, domin makaho ɗaya ba shi ne duk makafi ba, yarinya ɗaya ba ita ce duk mata ba, kuma zalunci ne a ɗora wa mutum wakilcin jinsinsa duka. Ba kuma cewa aka yi kowa sai ya zama jarumi ba. Wanda ba ya riƙe zance ba ya riƙewa, mai ido ne ko makaho, kuma raini ne a ƙi gaya wa gurgu ya yi kuskure don ana tausayinsa. Ku gyara masa yadda kuke gyara wa kowa, in ya makara a ci shi tarar da ake cin kowa. Dole a sami mai jan ragama wanda in gardama ta ƙi ƙarewa zai yanke. Amma ya yanke bayan ya ji, ya faɗi dalilinsa a fili, kuma ragamar ta riƙa zagayawa. In shekara uku mutum ɗaya ke rubutu, shi ke raba fitowa, shi ke riƙe da waya da kuɗi, to ƙungiyarsa ce, ku ma'aikata ne marasa albashi.

Wayar nan ma sai an yi magana a kanta. Manomin Bomo da ya shiga wasa a 1980 ya faɗi cikinsa gaban mutanen garinsu, magana ta tsaya inda aka yi ta. Yau wanda ya shigo fili ya kwaikwayi mai unguwa ko ya faɗi abin da ke damunsa a gida, kafin ya koma wurin zamansa an ɗora shi a TikTok, an yanke farkon da ƙarshen, an bar inda ya fi ban dariya. Kun kira shi ya sa baki, kun kuma miƙa shi ga duniya ba da saninsa ba. Ku yi shela kafin a fara cewa za a ɗauka, ku nuna inda wanda ba ya so zai zauna, kuma in jama'a suka soma shigowa fili a sauke waya. Makaho a gaya masa da baki cewa ga kyamara na kallonsa. Yarinya kuwa, izinin fitowa wasa daban, izinin ɗora fuskarta a intanet daban, kowanne sai an nema a gidansu.

In an sami tukuici ko ragowar tallafi, a zauna a raba gaban kowa, a faɗi abin da ya shigo da abin da aka kashe, a rubuta wa kurma lissafin a takarda ya gani, a karanta wa makaho ya ji. Wanda ya ba da labarin da aka gina wasa a kansa yana da kaso ko bai taka fili ba, kuma in za a rubuta sunaye a jikin sanarwa ko a ƙarshen bidiyo, a tambaye shi ko yana son nasa ya fito, a kuma rubuta shi cikin masu tsara labari, ba can ƙasa cikin waɗanda ake yi wa godiya ba.